Yaya, ga abin da ya sa muke ba yaranmu labarin besbol

Yaya, na ji saƙon muryarka, kuma tambayarka tana kan hanya: ina Gizo da Ƙoƙi, ina ƙissoshin annabawa, da za a zaunar da 'ya'yan Hausawa ana ba su labarin wani wasan da ko sunansa ba a sani ba a Zariya? Ka kwantar da hankalinka, ba mu yar da su ba. Asabar da Lahadi yaranmu suna Islamiyya. Amma yaron da aka haifa a Bronx, wani yanki na birnin New York a nan Amurka, filin ƙungiyar besbol ta Yankees a unguwarsu yake, kuma da zarar sanyi ya wuce za ka gan shi ya taso daga karatu, da 'yar jallabiyarsa, ya zura hannu cikin ƙatuwar safar fata yana cafe ƙwallo. Abin da ya sani ke nan, ta nan magana take shigarsa. Ga shi kuma a nan ba a sakin hannu da bulala. Malamin makaranta ya ga tabo a jikin yaro, doka ta tilasta masa ya kai rahoto. Dole bakinka ya yi aiki.

Wasan kansa zaɓi ne daga farko har ƙarshe. Ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya yana tsaye da kulki, kafin ƙiftawar ido sai ya yanke: ya kai duka ko ya ƙyale ta wuce. Ya kuskure sau uku, an fitar da shi, ya koma benci a gaban kowa. Ba roƙo, ba "a yi haƙuri".

Labarin da muka fi bayarwa ya faru da gaske. Akwai gasar yara mai suna Little League, wadda aka kafa a 1939 a garin Williamsport na jihar Pennsylvania, inda ake wasannin ƙarshe duk watan Agusta. A 2001 ƙungiyar Bronx ta je da wani yaro ɗan Jamhuriyar Dominika, Danny Almonte, mai jifa kamar harsashi. A wasa guda ya fuskanci mutum 18, ba wanda ya taka ko tashar farko, wato wurin da mai kulki yake fara rugawa in ya doki ƙwallo, 16 kuwa shi ya fitar da su da jifansa. Suka zo na uku, gari ya ɗauka, har magajin garin New York ya karrama su. Sai mujallar Sports Illustrated ta tono rajistar haihuwarsa: a 1987 aka haife shi, ba 1989 ba. Shekarunsa 14, alhali iyaka 12 ce. Aka soke duk nasarorinsu, aka haramta wa mahaifinsa da wanda ya kafa ƙungiyar shiga harkar har abada.

In an zo nan sai mu yi shiru, mu bar yaran su yi magana. Kusan kullum sai wani ya ɗaga hannu, ransa a ɓace: "To sauran yaran me suka yi?" Wannan tambayar muke jira. Mun saba gaya musu abin da mutum ya shuka shi zai girba, amma a nan manya ne suka shuka, yara suka girba, har da waɗanda suka sha kashi a hannunsa suka koma gida suna kuka. Hukumar gasar da kanta ta ce amfani aka yi da yaran. Sai gardama ta kaure kan ko shi Danny ya kamata ya buɗe baki, da yadda ɗa zai ce wa mahaifinsa a'a ba tare da ya yi masa rashin kunya ba. Nan malam yake shigowa da hadisin nan da ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu.

Ka san rage shekaru ba baƙon abu ba ne a gida. Ai ka tuna yadda aka riƙa ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannun 'yan wasa don gane ainihin shekarunsu a gasar ƙwallon ƙafa ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Najeriya a 2009. Shi ya sa ni ina ganin mu iyaye mun fi yaran buƙatar labarin. Wajen rajistar wasa ana neman takardar haihuwa da shaidar adireshi, kuma akwai mai son aron adireshin ɗan'uwa don ɗansa ya shiga ƙungiya mai ƙarfi. Ɗauko yara daga wajen iyakar unguwa shi ya sa aka ƙwace wa wata ƙungiyar Chicago kambunta a 2015. Mu dai a nan, in wani ya zo aron adireshi, ruwa za mu ba shi ya sha, takarda kam ba ma bayarwa.

A gaida Inna da yara.