Barandar Rumawa ba ɓarnar kaya ba ce

Jiya muna haɗa kayan aiki ka tambaye ni me ya sa Rumawan dā suke zuba dogayen barandu a gidajensu na bakin teku, ko kuɗi ne kawai ya yi musu yawa. Kuɗi kam akwai, yarona, amma wanda ya ja igiyar ginin nan ya san abin da yake yi.

Ɗauki gidan Filini Ƙarami, wani marubuci daga cikin Rumawan dā, a Lorentum da ke bakin teku, mil 17 daga birnin Rum. Shi da kansa ya bayyana gidan a wasiƙar da ya rubuta wa abokinsa. Akwai doguwar baranda mai rufi, da tagogi ta ɓangare biyu, na wajen teku sun fi na wajen lambu yawa. Ranar da gari ya yi lumui, a buɗe su duka. In iska ta taso daga gefe ɗaya, a rufe wannan gefen, a bar ɗayan. Da sanyi, bangon yana tare iskar arewa, ya kuma mayar da zafin rana kan dandamalin da ke gabansa. Da zafi kuwa, inuwarsa ce ke faɗowa kan hanyar da ake yawo. Bango ɗaya ke nan yana aiki shekara cur. Kai ma ka ga yadda muke ƙara wa bangon gabas yaɓe saboda ruwan damina ta can yake bugowa. Tunanin ɗaya ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne lambun. Filini ya ce ɗan itacen da suke yi wa aski su jera a gefen hanya yana yin kyau ne kawai inda gini ya kāre shi. Inda feshin ruwan gishiri ke kai masa, sai ya bushe, don haka suka dasa rozmari a gurbinsa. Wato ya kamata magini da mai lambu su yi shawara tare tun kafin a haƙa tushe.

A Istabiya, wani garin Rumawa na bakin teku wanda aman dutsen Besubiyas ya binne a shekara ta 79 miladiyya, akwai gidan da yau ake kira San Marko. Kududdufin ninkaya a tsakar gida, tsawonsa wajen mita 30, manyan itatuwa a jere gefe da gefe, baranda ta kewaye. Itatuwan sun ruɓe a cikin toka, suka bar ramukan saiwa, masu tono suka zuba siminti a ciki har siffar saiwar ta fito.

In kuma ginin zai shiga ruwa, tokar aman dutse ta garin Fozuwoli suke kwaɓawa da farar ƙasa, kashi biyu na toka da kashi ɗaya na farar ƙasa, ta sandare a ƙarƙashin teku.

Gobe ka riga ni zuwa filin. Kada ka taɓa igiya. Ka tsaya tsakiya ka gaya mini ta ina iska ke shigowa, da inda rana za ta faɗi da la'asar.