Kafi, Dagaci da Ɗan Gari Kaba: Amsoshin Wannan Makon

Assalamu alaikum. Tambayoyi sun taru, yau uku zan ɗauka, duk kan ƙauye ne.

Wani bawan Allah daga Jigawa ya ce: Malam, me ya sa garuruwa da yawa sunansu ke farawa da Kafin, kamar Kafin Hausa?

To ɗan'uwa, kafi shinge ne na itatuwa da ake kakkafawa a kewaye gari saboda mahara, daga kafa kalmar ta fito. Gari babba mai ƙarfi shi ke gina ganuwa ta ƙasa ya zama birni, ƙaramin gari kuwa da ba shi da mutanen da za su yi wannan aikin sai ya yi kafi ya haƙa gwalalo a bayansa. Shi ya sa kake jin Kafin Hausa, Kafin Madaki a Bauchi, Kafin Maiyaki a Kano. Kada ka haɗa shi da kafin da malamai ke yi wa gida ko gona na tsari, ko da yake in ka duba duk dai kariya ce. Haka Zango masaukin fatake ne, Ruga ta Fulani, Tunga kuma mazauni ne da aka fara na ɗan lokaci sai zama ya yi daɗi. Inda aka tashi aka bari shi ne kufai, za ka ga kuka da tsohuwar rijiya da marina sun rage, mutane babu.

Wata 'yar'uwa kuma ta ce ita har gobe rikita ta ake tsakanin hakimi da dagaci da mai unguwa.

Ba ke kaɗai ba ce wallahi. Mai unguwa shi ne na ƙasa, shi ya san wa ya haihu wa ya yi baƙo, shi ake tasa da dare in akuya ta shiga gonar wani. Samansa dagaci, mai riƙe da ƙauye da unguwanninsa, wasu wuraren musamman Nijar mai gari suke cewa, a Barno kuma za ki ji bulama da lawan. Hakimi kalmar Larabci ce, kuma da can a birni yake zaune kusa da sarki, jakada yake turawa ƙauye ya karɓo masa haraji. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 ne aka yanka ƙasa gunduma-gunduma aka ce kowane hakimi ya tafi ya zauna a ƙasarsa. Dagaci kam da shi ne mai tara haraji, tsoronsa ake sosai, amma gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage musu ƙarfi, sannan gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa da suka hau a 1979 suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna. Yanzu aikinsa sulhu ne da shaidar cinikin gona da iyaka, sai ranar rigakafi.

Na ukun ɗalibi ne, yana son ma'anar "baƙo raɓa, ɗan gari kaba".

Wannan sai ka taɓa noma za ka ji daɗinta. Raɓa da asuba ta jiƙa ko'ina, hantsi na yi ta bushe. Kaba kuwa, wato ƙaramar goriba da ake tabarma da igiya da ita, ka sare ta ka ƙone ta, damina na zuwa ta sake tohowa don saiwarta ta yi nisa a ƙasa. Ana faɗa wa baƙon da ya fara ɗaga kai, malamin makaranta ne ko ma'aikacin gona da aka turo, cewa komai daɗewarsa canjin wurin aiki zai zo. Ni dai na sha jin dattawa na faɗa wa nasu ma, wanda ya biye wa baƙo ya ɓata da maƙwabcinsa.

Mai tambaya kan sarkin noma da gayya, ka yi haƙuri sai mako mai zuwa.