Amsoshin Tambayoyinku: Jimi Hendrix, Jitarsa da Muryarsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai sha'awar kiɗan jita ne irin na mutanen Agadas, kuma sau da yawa idan ana zancen Bombino ko Mdou Moctar sai in ji an ambaci wani Ba'amurke mai suna Jimi Hendrix. Na nemi waƙoƙinsa na saurara, kiɗan ya ratsa ni ƙwarai, muryar tasa ma ta kwanta mini a rai. Sai dai wani abokina ya ce mutumin makaɗi ne kawai, waƙa kuwa bai iya ba, domin a cewarsa magana yake yi a kan kiɗa. Don Allah wane ne shi, me ya sa ake kambama shi haka, kuma abokin nawa yana da gaskiya? Daga wani mai karatu a Damagaram, Jamhuriyar Nijar.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da abokinka ya faɗa ba yau aka fara faɗarsa ba, kuma za ka yi mamaki idan ka ji cewa mutumin da ya fi kowa raina muryar Jimi Hendrix shi ne Hendrix ɗin da kansa. Duk da haka ni ban yarda da hukuncin ba, kuma dalilina yana cikin tarihin yadda ya koyi kiɗa.

An haife shi a ranar 27 ga Nuwamba, 1942, a birnin Seattle na Amurka, a gidan baƙaƙen fata talakawa. Mahaifiyarsa ta rasu a 1958, a shekarar ce kuma ya mallaki jitarsa ta farko, wadda aka saya kan dala 5. Bai je makarantar kiɗa ba, bai kuma iya karanta rubutun kiɗa irin na Turawa ba har ƙarshen rayuwarsa. Da kunne ya koya, yana bin fayafayan manyan makaɗan blues, wani salon kiɗan baƙar fatar Amurka, irin su Muddy Waters da B.B. King. Ya shiga soja a 1961, ya fita a 1962, daga nan ya shiga yawon kiɗa a gidajen rawa na baƙar fata, musamman a kudancin ƙasar, a zamanin da wariyar launin fata take da ƙarfinta. Ya yi wa Isley Brothers kiɗa, ya yi wa Little Richard, yana tsaye a baya, ba a san sunansa ba.

Waɗannan shekaru na zaman yaron maigida su ne tushen komai. Aikin mai jita a bayan mawaƙi shi ne ya saurari maigidansa, ya bar masa fili idan yana rerawa, sannan ya cike gurbin da ya bari idan ya tsaya jan numfashi. Hendrix ya daɗe yana wannan aiki, ya kuma ɗauki salon Curtis Mayfield na ƙawata kiɗa da ƴan ƙananan sautuka masu taushi. Da Chas Chandler, tsohon makaɗin ƙungiyar The Animals, ya gan shi a New York ya kai shi Landan a watan Satumba na 1966, aka haɗa shi da Noel Redding da Mitch Mitchell suka zama su uku kacal, sai ya wayi gari shi ne mawaƙin, shi ne kuma mai amsa wa mawaƙin. Mu da muka san marigayi Ɗan Maraya Jos ba za mu sha wahalar gane wannan ba: ba shi da ƴan amshi, kuntiginsa ne ke karɓa masa, kuma wanda ya raba muryarsa da kuntigin ya auna kowanne shi kaɗai bai auna Ɗan Maraya ba. Haka lamarin Hendrix yake. Yakan furta rabin baiti da baki, ya bar tsirkiya ta ƙarasa, wani lokaci kuma muryar da jitar su tafi kan sauti ɗaya har kunne ya kasa tantance wace ce ke jan wata.

Gaskiya ne muryarsa ba ta da faɗi, ba ta hawa sama sosai, kuma takan yi kama da ta mai hira. Shi kansa kunyarta yake ji. Injiniyan da ya ɗauki yawancin waƙoƙinsa, Eddie Kramer, ya sha ba da labarin yadda ake kafa masa shamaki a ɗakin ɗaukar sauti don kada kowa ya gan shi yana rerawa, kuma an san yakan yi jayayya da Chandler, shi yana so a danne muryar a ƙarƙashin kiɗa, Chandler yana so a fito da ita. Abin da ya ƙarfafa masa gwiwa tun farko shi ne jin mawaƙi Bob Dylan, wanda muryarsa ba ta da zaƙin da aka saba da shi amma duniya ta saurare shi. Sai dai waƙa ba zaƙin murya kaɗai ba ce. Akwai sanin inda za a ajiye kalma a cikin kiɗa, da sanin lokacin jinkirtawa da lokacin gaggautawa, kuma a wannan fanni Hendrix gwani ne na gaske. Ka saurari “The Wind Cries Mary” ko “Little Wing”, wadda ba ta kai minti uku ba, ka lura da yadda yake sakin kalma a makare kaɗan, cikin natsuwa, alhali yatsunsa suna wani aiki dabam mai wuya a daidai wannan lokaci. Masu jita da yawa sun iya kwaikwayon kiɗan, amma idan aka ce su rera a kansa sai ɗaya ya ɓata ɗaya. Hujja mafi ƙarfi ita ce “All Along the Watchtower”, waƙar Dylan da Hendrix ya sake yi a 1968, wadda daga baya mai waƙar da kansa ya koma yin ta a dandamali kusa da yadda Hendrix ya yi ta.

Game da hannunsa kuwa, bahago ne, amma jitar da aka fi saninsa da ita, Fender Stratocaster, ta masu hannun dama ce, sai ya kifa ta ya sake jera tsirkiyoyin. Yakan zagayo da babban yatsansa ta saman wuyan jitar ya danne tsirkiya mai kauri, sauran yatsun su sami sukunin yin ado, shi ya sa mai sauraro ke zaton mutum biyu ne ke kiɗa. Yakan kuma sassauta tsirkiyoyin shida kaɗan, abin da ke sauƙaƙa lanƙwasa su, ya kuma sauko da kiɗan daidai da muryarsa. Abin da ya fi ba ni mamaki a aikinsa shi ne yadda ya mallaki kukan nan da lasifika ke yi idan makirufo ya matso kusa da ita. Kowa gudun wannan kuka yake yi, shi kuwa sai ya ƙure ƙarar na'urorinsa na ƙara sauti ƙirar Marshall, ya riƙa matsowa da jitar kusa da su yana ja da baya har kukan ya koma sauti mai bin umarni. Da shi ya kaɗa taken Amurka a bikin kiɗa na Woodstock da safiyar 18 ga Agusta, 1969, lokacin yaƙin Biyetnam, inda mutane da dama suka ji ƙarar jiragen yaƙi da fashewar bama-bamai a cikin taken ƙasarsu. Da shi kuma ya yi waƙar “Machine Gun” a New York a farkon 1970 tare da Billy Cox da Buddy Miles, wadda a ganina ita ce ƙololuwar kiɗansa.

Alaƙarsa da ƙasarku ta gaskiya ce, amma kada a zuzuta ta. Bombino ya yi gudun hijira zuwa Aljeriya yana yaro lokacin tawayen Abzinawa na 1990, kuma an san ya koyi abubuwa daga kallon bidiyon Hendrix da na makaɗin jita Mark Knopfler. Mdou Moctar, wanda ya ɗauki kundinsa na farko a Sakkwato a 2008, shi ma bahago ne mai kaɗa Stratocaster, dalilin da ya sa jaridun Turai da Amurka ke yi masa laƙabi da Hendrix na Sahara. Laƙabin yabo ne, amma yana tauye haƙƙi, domin jitar Abzinawa tana da nata iyayen, irin su ƙungiyar Tinariwen da marigayi Abdallah Oumbadougou, kuma daga kiɗan gargajiyarsu ta tsiro.

TAMBAYA: Na ga hoton Jimi Hendrix ya durƙusa yana ƙona jitarsa, na kuma ga yana kaɗa ta da haƙora. Shin maye ne ya sa shi haka? Kuma me ya yi ajalinsa? Daga wata mai karatu a Kumasi, Ghana.

AMSA: Ƴar'uwa, hoton da kika gani mai yiwuwa na bikin kiɗa na Monterey ne a jihar California, ranar 18 ga Yuni, 1967. Shiri ne aka yi don jan hankali, domin a lokacin ya yi suna a Ingila amma a ƙasarsa ba a san shi ba, kuma ya riga ya taɓa yin haka a Landan a watan Maris na shekarar. Kiɗa da haƙora ko ta bayan ƙeya tsohuwar burga ce ta makaɗan baƙar fata, T-Bone Walker ma ya riga shi ɗora jita a bayan kai. Daga baya abin ya gundure shi, ya riƙa jin haushin masu zuwa kallon burga maimakon sauraron kiɗa.

Ba za a ɓoye ba, ya yi mu'amala da ƙwayoyi kamar da yawa daga makaɗan zamaninsa, ga kuma gajiyar yawon wasa ba hutu. Ya rasu a Landan ranar 18 ga Satumba, 1970, yana da shekara 27. Binciken likitoci ya nuna ya shaƙi amansa ne bayan ya sha maganin barci mai yawa, kuma mai binciken musabbabin mutuwa bai yanke cewa da gangan ne ba. Ƙwayar ba ta ƙara masa ko ƙwayar zarra ta gwaninta ba, gwanintar ta zo ne daga shekarun da ya yi jita ba ta barin hannunsa.

A watan Agusta na 1970, makonni kaɗan kafin rasuwarsa, aka buɗe ɗakin ɗaukar sauti nasa na kansa, Electric Lady, a New York, inda yake aikin sabon kundi da bai kammala ba. Kundaye da dama sun fito da sunansa bayan mutuwarsa, wasu an haɗa su ne daga guntayen da bai amince a fitar ba. Don haka idan kina son jin aikin da shi da kansa ya sa wa hannu, ki fara da Are You Experienced da Axis: Bold as Love na 1967, sai Electric Ladyland na 1968, sannan Band of Gypsys na 1970.