Daga Madafa: Kek ɗin Cakulan da Kastana Ba Tare da Fulawa Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ƙanwar maigidana ta dawo daga Turkiyya da tsarabar wasu 'ya'yan itace masu kama da goro a ido, ɓawonsu ja ne mai duhu yana sheƙi, ta ce a can ta ci kek ɗin cakulan da aka yi da su ba a sa fulawa ba. Babbar 'yata likita ya hana ta cin duk abin da aka yi da alkama, yau shekara biyu ke nan rabonta da kek. Na gwada sau ɗaya, ya tashi sosai a obin, amma da na fitar sai tsakiyarsa ta lotsa, gefensa kuma ya bushe yana marmashewa. Ina kuskuren yake? Idan tsarabar ta ƙare kuma, da me zan maye gurbinta? Daga wata uwa a Unguwar Dosa, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ƙara wa yarinya lafiya. Abin da aka kawo miki Larabawa na kiransa kastana, Turkawa na cewa kestane, Turawan Ingila kuma cesnot. Itacensa yana son ƙasashe masu sanyi, shi ya sa ba ya cikin amfanin gonarmu. Ƙasar Sin ce ta fi kowa noma shi, kuma yana da yawa a Turkiyya da Italiya da Sifen da kudancin Faransa. Birnin Bursa na Turkiyya ya yi suna wajen dafa shi a ruwan sukari, a sayar da shi kamar alewa.

Kafin mu zo kan kuskuren, yana da kyau ki san dalilin da ya sa kastana ke iya zama a mazaunin fulawa. Gyaɗa kusan rabinta mai ne, shi ya sa ake matse ta a sami ƙuli-ƙuli da man girki. Kastana kuwa mansa kaɗan ne ƙwarai, gari ne ya fi yawa a cikinsa, kuma idan aka dafa shi aka murje sai ya yi laushi da ɗan zaƙi kamar dafaffen dankalin Hausa. Wannan garin ne ke shanye danshin kwaɓin ya ba shi jiki. Abin da ba shi da shi kawai shi ne danƙon nan na alkama da ke riƙe burodi idan ya kumbura, wanda kuma shi ne yake wahalar da masu lalura irin ta 'yarki. Tunda babu wannan danƙo, ƙwai ne kaɗai ginshiƙin kek ɗin: iskar da kika buga a cikin farin ƙwai ita ke ɗaga shi, zafin wuta kuma ya ƙame ƙwan ya riƙe shi.

Saboda haka ɗan lotsawar tsakiya ba aibi ba ce. Haka wannan kek yake a hannun kowa: yana tashi a wuta, iskar da ke ciki ta huce, ya ɗan zauna, samansa ya tsattsage. Abin da ya dame ni a wasiƙarki shi ne bushewar gefe, domin alama ce ta cewa wutar ta yi yawa, ko kuma kin bar shi ya daɗe kina jiran tsinke ya fito tas kamar yadda aka saba a kek ɗin fulawa. A nan idan tsinke ya fito tas, to an riga an wuce gona da iri.

Ga awon da nake amfani da shi a gwangwanin gashi mai faɗin santimita 20: baƙin cakulan mai kashi 70 cikin 100 na koko giram 200, bota giram 150, dafaffen kastana da aka ɓare giram 250, madarar ruwa mililita 150, ƙwai 4, sukari giram 120, da ɗan gishiri a bakin yatsa. Girke-girken Turawa sukan zuba giya a wannan kek don ƙamshi, ke kuwa cokali biyu na dafaffen kofi mai kauri ya wadatar miki, kuma yana fito da ɗanɗanon cakulan sosai.

Ki fara da tsaga bayan kowane kastana da wuƙa, domin wanda ba a tsaga ba yana iya fashewa idan ya ji wuta. Ki tafasa su kamar minti 20 zuwa 25, sannan ki riƙa ɗebo kaɗan-kaɗan daga ruwan kina ɓarewa da zafinsu, ki cire ɓawon waje da kuma siririyar fatar ciki, wadda take da bauri kuma take mannewa da zarar ya huce. Ki mayar da su tukunya tare da madarar a kan wuta kaɗan har su yi laushi, ki markaɗa ko ki murje a rariya har ya yi sumul. Idan wanda aka kawo miki mai sukari ne irin na Bursa, ki rage sukarin awon zuwa rabi.

Cakulan da bota kuwa a kwano za ki narkar da su, kwanon yana zaune a bakin tukunyar ruwan zafi ba tare da gindinsa ya taɓa ruwan ba. Ki kula kada ɗigon ruwa ya faɗa ciki kafin su narke su haɗe, domin yana sa cakulan ya dunƙule. Ki sauke ya sha iska, ki buga ƙwaiduwa huɗun da rabin sukarin har su yi haske, sannan ki haɗa su da cakulan da markaɗen kastana.

A farin ƙwai ne aikin yake, kuma a nan nake roƙon ki natsu. Kwano da maburgi su kasance a bushe, babu maiƙo ko kaɗan, kuma kada ƙwaiduwa ta fashe a ciki, domin maiƙo yana hana farin ƙwai yin kumfa. Ki buga har ya yi fari, ki riƙa zuba ragowar sukarin cokali-cokali, ki tsaya lokacin da kika ɗaga maburgi tsinin kumfar ya tsaya sannan ya ɗan lanƙwasa kai. Idan kika wuce nan kumfar za ta bushe ta yi gudaji, kek ɗin ya tashi fiye da kima sannan ya rushe, kuma ina kyautata zaton haka ta faru da naki. Ki ɗebi kashi ɗaya cikin uku ki juya a kwaɓin don ya saki, ragowar kuma ki naɗe shi a hankali da faffaɗan cokali daga ƙasa zuwa sama, ki daina da zarar farin ya ɓace.

Ki shimfiɗa takardar gashi a gwangwanin, kada ki barbaɗa fulawa kamar yadda aka saba. Obin ya yi zafi tun da wuri a kan digiri 170, ki gasa minti 30 zuwa 35. Ya yi idan gefe ya kama, tsakiya kuma tana ɗan motsi in an girgiza gwangwanin. Idan wutar lantarki ba ta da tabbas a unguwarku, gashin tukunya da yashi ya dace da shi: ki zafafa yashin kamar minti 15, ki ɗora gwangwanin a kan ƙananan duwatsu, ki rage wuta sosai, kada ki buɗe kafin minti 25, kuma ki ba shi ƙarin lokaci kaɗan. Ki bar shi ya huce sarai a gwangwaninsa kafin ki fitar. A sanyin hunturu yana kamewa da kansa, amma a zafin watan Maris da Afrilu sai ya kwana a firji, kuma washegari ya fi daɗin yanka.

Game da madadi, ki nemi abu mai gari, kada ki nemi mai maiƙo. Dankalin Hausa fari shi ne zaɓina: ki gasa shi da ɓawonsa maimakon dafawa don kada ya sha ruwa, ki auna giram 250 na murjajje, ki rage madarar zuwa mililita 80. Dafaffiyar gurjiya da aka cire wa fata ita ma tana yi, sai dai tana da ɗan ƙamshin wake. Niƙaƙƙiyar gyaɗa za ta ba ki kek mai nauyi da maiƙo, wani abu ne dabam.

Saboda yarinyar, ki karanta bayan takardar cakulan, domin wasu na ɗauke da alkama ko sha'ir. Ki keɓe mata rariya da gwangwani, kuma kada ki kai komai nata injin niƙan unguwa inda ake niƙa alkama. Masu ciwon sukari kuma su sani rashin fulawa bai rage sukarin wannan kek ba.

Tambaya: Anti, baƙin cakulan ya yi tsada, ko zan iya amfani da garin koko? Daga wata mai sana'ar kek a Tudun Wada.

Amsa: Za ki iya, 'yata, muddin garin koko ne zalla mara sukari, ba garin shayi na gwangwani ba. A madadin giram 200 na cakulan ki haɗa garin koko giram 70, ƙarin bota giram 70 da ƙarin sukari giram 60, ki zuba garin a botar tun tana da zafi don ƙamshinsa ya buɗe. Bota ba ta ƙamewa kamar man koko da ke cikin cakulan, don haka kek ɗin zai fi laushi, sai ki sa shi a firji awa 4 kafin ki yanka wa masu saye.