Ɗaukar hoton yaro mai tatata

Ɗana, ka ce mini: "Maigida, hoton manya yana fito mini tas, amma da an kawo ɗan shekara ɗaya ko biyu sai hoton ya yi dishi-dishi, ko kuma yaron ya ɓare baki da kuka har iyayen su gaji su tafi. Ina matsalar take?" To, matsala biyu ka haɗa. Ɗaya ta kyamara ce, gyaranta ba wuya. Ɗayar ta yaron ce, ita ce aikin.

Bari mu fara sallamar ta kyamara. Babban mutum idan ka ce ya tsaya zai tsaya, saurin shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, 1/125 na daƙiƙa ya ishe ka. Yaro kuwa ko yana zaune kansa na juyawa, hannunsa na wajen baki. Kada saurin shatarka ya gaza 1/250, in kuma yana gudu a tsakar gida ka kai 1/500 ko abin da ya fi shi sauri. Hoton zai yi duhu, sai ka ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske, zuwa 800 ko 1600 ba tare da fargaba ba. Ɗan yashi-yashin da ISO ke kawowa ana rage shi a kwamfuta, amma fuskar da motsi ya ɓata ba mai dawo da ita. Na kuma lura kana son buɗe lensi har f/1.8 (ƙaramar lamba, babbar buɗewa) don abin da ke bayan mutum ya yi dishi-dishi. Da yaro wannan ganganci ne: ya ɗan matso gaba kaɗan, fokas ya bar ido ya koma kunne. Tsaya tsakanin f/2.8 da f/4, in da wa ko ƙanwa a hoton ka koma f/5.6. Sa fokas mai bin motsi, wanda Canon ke kira AI Servo, Nikon da Sony kuma AF-C, ka ɗora shi a idon da ya fi kusa da kai, ka riƙa ɗauka a jere.

Duk wannan saiti ka gama shi kafin yaron ya shigo. Aje matashi ko 'yartsana a inda zai zauna ka gwada haskenka a kai. Haƙurin yaro ƙarami 'yan mintoci ne, in ka cinye su wajen murɗa maɓalli, kai ka jawo kukan.

Yanzu ga babbar maganar. Yawancin yara suna fara ƙiwa wajen wata bakwai zuwa takwas, tana kuma yin ƙarfi har bayan shekara ɗaya. Duba abin ta wajensa: an kawo shi ɗakin da bai sani ba, ga fitilu, ga ƙaton baƙo ya rufe fuskarsa da wani baƙin abu ya nufo shi. Kuka ne daidai. Saboda haka idan sun shigo, kada ka kula shi. Gaisa da mahaifiyarsa, tambayi mutanen gida, kyamara na rataye a gefe. Yana kallonka ta wutsiyar ido, yana auna yadda uwarsa ta sake da kai. In ta sake, shi ma zai sake. Kada ka miƙa hannu ka ɗauke shi, bari shi ya zo. Wanda ya ƙi sauka daga cinyarta, ɗauke shi a can. Ka matso kusa, zanenta ya zama bango, sau da yawa hoton ya fi wanda aka shirya kyau.

Tun ranar da suka zo kama lokaci ka tambayi uwar yaushe yake barci, yaushe yake cin abinci. Yaro mai jin yunwa ko barci ba dabarar da za ta yi aiki a kansa. Wanda ake cikin yaye shi kuwa, ba su shawara su ɗan jinkirta.

Sai ka sauka ƙasa. Wannan na faɗa maka ba sau ɗaya ba, kana jin nauyin ɓata wandonka. Hoton da ka ɗauka a tsaye kai ne babba, ƙafafu ƙanana, ga siminti ya cika baya. Durƙusa, in ta kama ka kwanta rub da ciki, lensi ya yi daidai da idonsa. A nan ne kake ganin yaron a matsayin mutum mai halinsa.

Akwai abin da ke ɓata mana aiki a gidajen suna da ranar sallah: goggo na kira ta dama, yaya na tafa hannu ta hagu, kowa na cewa "kalli nan!" Yaron ya rikice, idonsa ko'ina ban da kyamara. Cikin ladabi ka roƙe su mutum ɗaya kawai ya yi magana, ya tsaya a bayanka daidai saitin kanka. Kai kuma kada ka ce masa "yi dariya". Ɗan shekara biyu bai san umarnin ba, ɗan shekara huɗu kuma zai yage maka haƙora kawai. Ɓoye fuskarka bayan kyamara ka leƙo, kaɗa makullai, ɗora hularsa a kanka ka yi kamar ba ka san inda take ba. Ɗan shekara uku ka tambaye shi ko akuya tana sa takalmi. Kuma ba dole sai da dariya ba. Yaro ya ƙura wa abu ido cikin mamaki, wannan ma hoto ne da uwa za ta ajiye. Waya kada a ba shi, don karɓe ta yaƙi ne. Alawa sai an gama, in ba haka ba ta rina baki da gaban riga.

Kayan sallah ma suna da nasu. Sabuwar shadda mai sitaci tana cin wuya, hula na zamewa, sabon takalmi na matsi. Fara da hoton da iyaye suka zo dominsa, cikakkiyar shiga, tun yana jurewa. Bayan nan in ya cire hular ka ƙyale shi ka ci gaba da ɗauka.

Haske kuwa, in a gida ne nemi bakin ƙofa ko inuwar zaure, da hantsi ko bayan la'asar. Ranar tsaka tana sa shi runtse ido, ta zuba inuwa a kwarmin idon. Filashi kada ka haska masa kai tsaye a fuska, yana firgita shi. Juya shi sama ya bugi silin ko ka bi da shi ta lemar situdiyo mai tausasa haske. Ka kula da farar shadda: tana ruɗin ma'aunin hasken kyamara ya rage haske, fuskar yaron ta fito baƙi ƙirin. Auna daga fuskar, ko ka ƙara haske kamar mataki ɗaya, wato +1 a ma'aunin. In ka zo gyara a kwamfuta, bar wa yaro launin fatarsa. Ina baƙin cikin ganin yadda wasu ke wanke yara su koma farare har kakarsu ba ta gane su. Ba na son ganin haka daga shagon nan.

Abu biyu ba na sassauci a kansu. Jaririn da bai fara zama da kansa ba, wanda yawanci sai wajen wata shida, ba a jingina shi a kujera a ja da baya. Hannun uwarsa na jikinsa, ko a shimfiɗa shi a ƙasa. Mai tatata kuma ba a ɗora shi kan doguwar kujera, wayoyin wuta a naɗe su, sandunan fitila a danne ƙafarsu da abu mai nauyi, don zai ja duk abin da hannunsa ya kai. Na biyu, hoton ɗan mutane amana ne. Ba ka ɗaukar yaro tsirara ko da iyayen sun ce ba komai, ba ka sa shi a Facebook ko Instagram don tallar shago sai mahaifinsa ko mahaifiyarsa sun yarda da bakinsu. In sun ce a'a, ka tura musu nasu, kada ka sake tayar da maganar.