Amsa ga 'yar'uwar da karatun Littafi Mai Tsarki ya watse musu a zumunta

Salama 'yar'uwa. Na ga tambayarki, cewa a zumuntar matanku kun ɗauki niyyar karance Littafi Mai Tsarki cikin shekara guda, kowa tana rubuta abin da ta koya, amma kafin Ista abin ya watse, ga kuma iyayenmu da ba sa rubutu sun ja baya. Kina tambaya ko a sake farawa, ko a haƙura da rubutun. Ni dai shawarata a sake, amma a rage kaya.

Ki duba lissafin. Littattafai 66 ne, surori 1,189. Mai son gamawa a shekara sai ta karanta sura uku kullum, biyar ran Lahadi. Farawa da Fitowa suna tafiya da daɗi saboda labari ne, surori 90, a Janairu ake gama su. Farkon Fabrairu sai a faɗa Littafin Firistoci, hadayu da dokokin tsarki, daga nan Littafin Ƙidaya. A nan yawancin ƙungiyoyi suke sarewa. Mace mai goyo, ko mai zuwa kasuwa tun asuba, in ta rasa kwana huɗu bashin sura goma sha biyu ya hau kanta, ga shafinta fari fat. Kunya ce take hana ta zuwa taro, ba rashin ƙaunar Maganar Allah ba.

Mu a wurinmu da Markus muka fara. Surori 16 ne kawai, sura ɗaya a mako, wata huɗu ke nan. Kowa ta raba surar yadda ya yi mata, ko ta yi ta maimaita ta har mako ya zagayo. Bayansa muka ɗauki Rut, sai Filibiyawa, sai Yakubu, duk gajeru ne. Masu bin Abincin Yini, ɗan littafin nan na ibadar kullum, da safe ba mu ce su bari ba.

Rubutun kuwa, littafin 'yan makaranta da biro sun isa. A sa kwanan wata da ayar da ta tsaya wa mutum a rai, a faɗi abin da ta ce da bakin mutum, ba kwafe ta ba, sai abu ɗaya da za a yi ko a roƙa saboda ita. Layi biyar ya yi. Da Hausa, da Turanci, da Jju ko Tangale, duk wanda mutum yake addu'a da shi. Muna kuma barin shafukan baya don tambayoyi, kuma su ne suka fi raya taronmu. Da muka kai Markus 11, inda Yesu ya la'anci itacen ɓaure alhali ayar da kanta ta ce ba lokacin 'ya'yansa ba ne, kusan kowa ta sa alamar tambaya. Ba mu ƙirƙiro amsa ba. Magatakarda ta tattara, muka kai wa fasto, ya zo ya zauna da mu.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe. Littafin nan na mai shi ne. Uwar zumunta ba ta karɓa ta duba kamar malamar aji, ba a kuma miƙa shi hannu zuwa hannu. Ranar taro kowa layi ɗaya take kawowa, wanda ita ta zaɓa, in ta ce yau ba ta da abin faɗi a wuce ta ba tare da tsokana ba. Da zarar mace ta san za a karanta abin da ta rubuta, ta daina rubuta gaskiya. Sai ki ga shafi cike da "Ubangiji nagari ne", ba kalma ɗaya a kan fushin da take yi da kishiyar uwarta ko bashin da ya hana ta barci. Alhali amfanin rubutun ke nan, mutum ya ajiye Maganar kusa da halin da yake ciki, ya ga inda suka haɗu.

Haka ma roƙon addu'a na wasu. Ba ma rubuta suna da damuwa a wuri ɗaya. Littafi yana kwana a kan tebur, yara suna buɗewa, maigida yana buɗewa. A sa harafin farko, ko a ce "wata 'yar'uwa". Mun kuma san halinmu, gulma tana iya ɗaura ɗankwalin zumunta ta shigo da "mu sa wance a addu'a". Wadda abin ya shafa ita ce za ta faɗa da bakinta, in ba ta nan a bar maganar.

Batun iyayenmu da ba sa rubutu, kada ki yarda su zama 'yan kallo. Kowace mama a haɗa ta da 'ya ko jika, ko wata daga matasa, ta karanta mata, sannan ta rubuta abin da mama ta ce yadda ta faɗe shi, ban da gyara mata Hausa. Mai waya tana iya sauraron karatun, akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa mai murya a manhajoji, ta kuma aiko da saƙon murya a WhatsApp in ta ga dama. Za ki sha mamaki, da yawansu sun haddace ayoyi fiye da mu masu biro. Sai dai ki lura da bugun da ke hannunsu. Wasu har yanzu na 1932 suke riƙe da shi, wanda Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka fassara, mu kuma na 1979 ne a hannunmu. Inda namu ya ce Yahaya da Karin Magana, nasu Yohanna da Misalai ne. In an faɗi nassi a jira kowa ta samu, a kuma bar mama ta ji shi a bugun da ta saba.

Wani abin da ke kashe irin wannan taro shi ne wa'azi. Kowace zumunta tana da mai baiwar magana, in aka sake mata ita kaɗai za ta cinye lokacin. Mun sa doka, masu shiru su fara, shugabanni su yi magana a ƙarshe, taro kuma kada ya wuce awa ɗaya.

Kada ki jira sabuwar shekara, Markus ba ya bukatar Janairu. Amma in damina ta kankama kuma matanku manoma ne, ku koma rabin sura a mako, ku haɗa taron da ranar zumunta don kada a yi fita biyu. In kun gama littafin, ku ware mako ɗaya ba sabon karatu, kowa ta koma shafinta na farko ta bi roƙe-roƙenta, ta sa alama a kan waɗanda aka amsa, mai son ba da shaida ta bayar. Ki gaida uwar zumuntarku.