Ƙasar lambu ko kokofit: da wanne zan reni tumatir a tire?

Tambaya: Ni manomin rani ne a Kura, jihar Kano. Bana na sayi irin tumatir na zamani mai tsada, na cika tire da ƙasar lambuna na shuka. Ya fito da kyau, amma bayan mako guda sai ya riƙa kwantawa, gindinsa ya sirance ya yi baƙi. An ce in koma kokofit, wato garin ɓawon kwakwa. Shin ƙasar da take ba ni amfani kowace shekara ce ta zama matsala?

Amsa: Malam, sannu da wannan asara. Ƙasarka ba ta lalace ba, wurin da ka zuba ta ne bai dace da ita ba. A kwami, ruwa yana da inda zai gangara, gara da tana suna huda ƙasa, iska tana shiga. Gurbin tire mai rami 128 ko 200 kuwa bai wuce cin babban cokali biyu ba. Ka ba shi ruwa sau uku, sai ƙasar ta daskare, musamman ta fadama mai laka. Saiwa kuma numfashi take yi, in ruwa ya cike duk kafofin iska sai ta shaƙe.

Abin da ka kwatanta shi ne ruɓewar gindin tsiro. Ƙwayoyin cuta irin su Pythium da Rhizoctonia ke kawo ta, kuma suna zaune a kusan kowace ƙasar da aka daɗe ana noman tumatir da tattasai. Babbar shuka tana iya jure musu, amma tsiron kwana bakwai a cikin laima ba ya iyawa. Wanda ya riga ya kwanta ba ya tashi, ka cire shi tare da ƙasar gurbinsa. Akwai kuma tsutsar saiwa da ido ba ya gani, wadda ke sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli. Ita ba ta nuna kanta a wurin reno, sai ka dasa ta da hannunka a gona.

Kokofit garin ɓawon kwakwa ne da ake dannewa kamar bulo. Bulo mai kilo 5 in ya sha ruwa yakan ba da lita 60 ko fiye, wadda za ta cika tire da yawa. Yana riƙe ruwa, yana kuma barin iska, ga shi ba ya zuwa da irin ciyawa. Ranar dashe sai tsiro ya fito da dunƙulen saiwarsa cif, ba ya yin yaushin nan da muka saba gani a wanda aka tuge daga kwami.

Sai dai akwai abu biyu da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Wani kokofit yana da gishiri, don haka ka jiƙa shi, ka tsiyaye ruwan, ka maimaita sau biyu ko uku kafin ka yi shuka. Na biyun ya fi damuna, domin a nan na ga mutane da yawa sun yanke ƙauna: kusan babu abinci a cikinsa. Abin da ke cikin ƙwayar irin ne zai riƙe tsiron har ganyen farko biyu su buɗe. Da zarar ganyen gaskiya, wato wanda ke fitowa bayan waɗannan biyun, ya leƙo, ciyarwa ta koma wuyanka. Ka narka takin zamani mai narkewa a ruwa, kamar giram 1 a lita guda, ka riƙa ba shi sau biyu a mako. Kada ka barbaɗa ƙwayar NPK a gurbi, ƙonawa za ta yi.

In kuɗin kokofit ya yi maka yawa, kana zaune a garin shinkafa. Buntun da ake tarawa a bakin injin, in aka ƙona shi ya zama gawayi ba tare da ya kai toka ba, yana sa haɗi ya yi sakwa-sakwa. Ka gauraya shi da takin gargajiya da ya ruɓe sarai aka tankaɗe. Ɗanyen buntu ko ɗanyen kashin kaji kada su kusanci tire.

Ban ce a yi watsi da ƙasa ba. Mangwaro, gwaiba ko zogale da za su yi watanni a leda sun fi son ƙasa mai haɗe da yashi da taki. Irin gida mai araha ma ana iya renonsa a kwami, in an jiƙa wurin an rufe da farar leda wadda ake ganin abin da ke ƙarƙashinta mako 4 zuwa 6 a zafin Maris da Afrilu, rana ta rage cutar. Amma irin da ake ƙirga ƙwayarsa, ni dai ba zan sa shi a ƙasar lambu cikin tire ba.

Kafin ka sake shuka, ka wanke tiren nan da ruwan bilic, domin cutar tana nan maƙale. Ka ɗora shi a kan benci, ka yi ban ruwa da safe kawai in saman gurbin ya fara bushewa. Cikin kwana 21 zuwa 28 tumatir zai isa dashe.